Madubin da Ya Zo Gagarawa

Inugu, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Gwaggo Haulatu, Gagarawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi, Gwaggo, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gida da ɗalibanki. Ni ce Khairiyya 'yar Ishaƙ na Gumel, jikar Alhaji Dogo, wanda shi da mahaifinki 'yan wa da ƙani ne. Sau biyu kika taɓa ganina. Na ƙarshe a sunan ɗan Yaya Zayyad ne, inda kika ce na cika tambaya. Ina lafiya, sai zazzaɓi da na yi a watan jiya, ya kuma sauka.

Baba ya ce kunnenki ya yi nauyi, ba kya son magana mai muhimmanci a waya, shi ya sa na rubuto. Ɗalha direba, mai kawo shanu nan daga kasuwar Maigatari, shi zai ɗauko takardar ya ba mutanen Gagarawa ranar Alhamis.

Shekarata ta biyu ke nan ina digiri na biyu kan taurari da abin da ke sararin sama. Mu goma sha huɗu ne a aji. Mata biyu muka fara, ɗayar ta bari, saura ni. Bara na je wani babban taro na masu wannan karatu, na zagaye zauren kaf ina neman mace ɗaya da zan yi wa Hausa, ban samu ba.

Akwai wata ƙungiya ta mata masu wannan fanni da ke son a ƙara yawanmu. Sun ba ni madubin hangen nesa, tsawonsa ya kusa na taɓarya. Sharaɗinsu shi ne in tara 'yan matan sakandare daga Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, kwana uku a hutun bayan ƙaramar salla, in koya musu duban taurari. In an yi, madubin ya zauna a wajenmu. In ban kai sunaye kafin ƙarshen Fabrairu ba, za a ba wata jiha.

Na san iyaye ba za su ba ni 'ya'yansu ba. Yarinya ce ni a idonsu, ga shi ina karatu a kudu. Amma ke rabin matan yankin nan a makarantar Islamiyyarki suka yi karatu. Ina roƙon ki ara min tsakar gidanki da kuma bakinki.

'Yarki,
Khairiyya


Gagarawa, 27 ga Nuwamba

Khairiyyatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, na kuma gane ki sarai. Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, an gama kai gero gida, wake ne bai yi kyau ba bana. Gwiwata tana taɓa ni, idona kuma sai da rana nake rubutu, shi ya sa za ki ga baƙaƙen manya.

Na karanta takardarki sau uku, ina fatan idona ne ya yi kuskure. Kin ce za ki koya wa 'ya'yan mutane duban taurari, har da madubi. 'Yata, shin Ishaƙ ya san abin da ya tura ki karantawa?

Ina da shekara goma sha biyu wani mutum ya sauka garin nan da faifan yashi da ɗan madubi, yana gaya wa mata tauraruwarsu. Ya ce wa wata maƙwabciyarmu tauraruwarta ba ta jituwa da ta ɗan da ke cikinta. Matar nan ta haihu, ta kasa kallon yaron da ido biyu har ya girma. Na san shi, yana nan da rai, har yau ba ya shiga ɗakin uwarsa ya zauna.

Shekara talatin ina gaya wa mata cewa gaibu na Allah ne. Ba zan buɗe ƙofata da hannuna a koya musu duba ba, ko da Turanci ne, ko da takardar jami'a. Kada ki kawo min wannan madubi gidana.

Ban faɗa wa kowa ba, ko mahaifinki, don ban so a ɓata miki suna. Ki yi tunani, ki rubuto min.

Gwaggonki,
Haulatu


Inugu, 6 ga Disamba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Allah Ya sawwaƙe gwiwar, Ya ƙara wa ido haske. Ina lafiya.

Laifina ne. Na daɗe ina wannan karatu da Turanci, da na zo faɗarsa da Hausa sai na ɗauko kalmar da ta fi muni. Wallahi ba duba nake koyo ba, kuma ban san gobe ba. Ban ma san ko zan ci jarrabawar watan gobe ba.

Abin da muke yi awo ne da lissafi. Muna auna nisan tauraro, da zafinsa, da lokacin da zai fito da lokacin da zai faɗi. Ni aikina kan wasu taurari ne da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa. Ina rubuta lokacin da suka yi haske da lokacin da suka dushe, in gano kwana nawa ke tsakani. Ba ruwansu da auren kowa ko haihuwar kowa. Madubin kuma ba ya nuna komai sai abin da ke can. In kika sa ido kika kalli wata, za ki ga duwatsu da ramuka a jikinsa kamar gonar da aka tone gyaɗa. Masu neman jinjirin watan azumi ma da irinsa suke aiki.

Na taɓa jin Kaka Dogo yana cewa mahaifinki, Malam Usaid, shi ke faɗa wa manoma lokacin shuka ta lissafin taurari. Ban sani ba ko gaskiya ne. In haka ne, to aikinsa da nawa 'yan gida ɗaya ne.

Ba za a kai yaran dare ba. Daga magariba zuwa isha'i ne, a gabanki, uwar da ta so ta zo ta zauna. Da rana kuma lissafi ne da zane a inuwa.

In kin ce a'a bayan wannan, na karɓa. Amma ina so a'ar ta zama kan abin da nake yi ne, ba kan abin da bakina ya ɓata ba.

'Yarki,
Khairiyya


Inugu, 21 ga Janairu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da ɗalibai. Ni lafiya.

Sati shida ke nan da na aiko da bayani, ban ji komai ba. Na fahimci amsar, ba zan ƙara damun ki ba. Sau biyu na ɗauki waya zan roƙi Baba ya je wajenki, sai in tuna kin rufa min asiri a wajensa, in ajiye.

Ƙarshen wata mai zuwa zan gaya wa ƙungiyar su kai madubin wani wuri. Yana nan ƙarƙashin gadona cikin akwatinsa.

Na ci jarrabawar. Amma ban ɓoye miki ba, na gaji. An zaɓi ɗaliban da za su yi tafiya zuwa wajen wani babban madubin hangen nesa na bincike, aka tsallake ni ba tare da an tambaye ni ba, wai an ɗauka iyayena ba za su bari ba. A nan ana ganin mutanena ba za su bar ni ba, a gida ana ganin na ɓata. Ina tunanin in gama wannan shekarar in dawo Gumel in nemi koyarwa, in bar sama ga masu ita.

Ki yafe min in na ɓata miki rai.

Khairiyya


Gagarawa, 3 ga Fabrairu

Khairiyyatu 'yata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Barka da jarrabawa.

Takardunki biyu rana ɗaya suka iso hannuna. Motar Ɗalha ta lalace a hanya da ta farkon, ya bar ta wajen makanikai ya hau wata, takardar tana cikin aljihun motar har sai da aka gyara. Ya zo da kansa har ƙofar gida yana ba da haƙuri. Ni kuma duk kwanakin nan ina zaune ina cewa yarinyar nan ta yi fushi, kuma girman kai ya hana ni aika wa Ishaƙ. Na karanta ta biyun kafin ta farkon, kin ga yadda zuciyata ta yi.

Na yi miki mummunan zato, ki yafe min. Yanzu ki saurara, zan gaya miki abin da ban taɓa rubutawa ba.

Gaskiya Dogo ya faɗa. Mahaifina ya san hisabi. Taurari ashirin da takwas ne a lissafinsa, kowace tana da kwanakinta, bakwai na bazara, bakwai na damina, bakwai na kaka, bakwai na ɗari. Bayan la'asar yakan zaunar da yayana Habibullah da sauran maza a zaure yana koya musu. Ni ina bayan katanga ina tankaɗe. Ba wanda ya hana ni, ba kuma wanda ya kira ni. Su suna haddacewa da bulala, ni ina haddacewa da rariya a hannu. In magariba ta yi sai in fita tsakar gida in nemi abin da na ji a sama.

Da Malam ya rasu, manoma suka koma wa Habibullah. Shi kuwa Allah Ya ba shi fiƙihu, bai ba shi lissafi ba. Ruwan farko ya sauka a shekarar, suka zo suna tambaya ko a yi shuka. Ya ce, "Bari in duba takardun Malam." Ya zagayo ta baya ya same ni a gidan mijina ina wanke-wanke. Ya ce, "Haulatu, wace tauraruwa muke ciki?" Na ce, "Dabaran, Yaya, saura kwana shida ta fita. Wannan ruwa na yaudara ne, su jira, in Allah Ya so." Ya koma ya faɗa. Waɗanda suka jira ba su yi shuka biyu ba.

Shekara talatin da ɗaya ke nan haka muke yi. Ban taɓa jin haushinsa ba, ko in ce ban bari na ji ba.

Amma bara na fita neman Kaza da 'ya'yanta, wadda littafi ke kira Surayya, ban gan ta ba. Ba gajimare. Idona ne. Na tsaya a tsakar gida na gane cewa duk matan da na koyar, ba wadda na koya wa wannan, don ni ma na ɗauka ba namu ba ne.

Ki kawo madubin. Ki gaya wa matan ƙungiyarku Haulatu ta ce za a samu yara. Na sa Ishaƙ ya kira ki yau ɗin nan don kada wata mota ta sake lalacewa. Maganar barin karatu kuma, ki ajiye ta sai mun haɗu. Waɗanda suka tsallake ki, kin je kin gaya musu a fuskarsu cewa kina so?

Gwaggonki,
Haulatu


Inugu, 12 ga Fabrairu

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Kawu Habibullah. Lafiyata ƙalau, har abinci ya fara shiga.

Baba ya kira ni ina kan hanyar aji. Abin da ya ce kawai, "Haulatu ta ce ki kawo kayan aikinki, ban san kayan me ba." Na zauna a bakin kwalbati sai da wata mai sayar da lemo ta tambaye ni ko an yi min rasuwa.

Ban je na gaya musu ba, Gwaggo. Na yi ta jira su lura. Bayan takardarki na shiga ofishin malamin da ya tsara tafiyar na ce ina son zuwa, kuma ni ya kamata a tambaya. Ya ce tafiyar farko ta cika, amma ya sa sunana a ta watan Yuni.

Ina da roƙo. Yammacin farko ke za ki koyar, ba ni ba. Ki faɗa musu sunayen taurarin da kwanakinsu, ni in nuna musu inda suke. In suka fara ji daga bakina za su ce abin Turawa ne. Na san wannan zai taɓa Kawu. In ba zai yiwu ba, ki bar shi.

Ki aiko da sunayen da kika samu ta wayar Baba kafin ashirin da takwas.

'Yarki,
Khairiyya


Gagarawa, 9 ga Maris

Khairiyyatu,

Wa alaikumus salam. Ya ibada? Azumin bana da zafi, amma muna lafiya.

Sunaye goma sha uku na ba Ishaƙ, na ji ƙungiyar ta karɓa. Na so su fi haka. Na shiga gida ya fi talatin kafin azumi, na je Maigatari da Gumel, na kwana biyu a Sule Tankarkar. Ban ce duba ko sau ɗaya ba. Na ce falaki, na ce lissafin shuka da na ganin wata. Wasu sun ce mace me za ta yi da sama. Wata uwa a Maigatari ta ce in an gama 'yarta za ta samu aiki? Na ce ban sani ba, don ban sani ba. Ba ta ba ni yarinyar ba.

A Sule Tankarkar akwai wata Mansura, ta fi kowa lissafi a ajinsu. Mahaifinta Malam Abdulganiyu ya ce, "Hajiya, na yarda da ke, amma ban yarda da abin da ban gani ba." Na ce to ya zo ya gani. Ya ce zai kawo ta da kansa, in abin bai yi masa ba su juya a daren.

Na yi magana da Yaya Habibullah. Na ce zan koyar da hisabi a gaban yara da iyayensu mata, kuma magana za ta fita. Ya ce, "To ni me zan ce wa mutane?" Na ce, "Abin da ya faru, Yaya." Ya tashi ya sa takalmi bai yi sallama ba. Kwana tara ke nan bai shigo ba, har kunun buɗa-baki da nake aika masa ana dawo da kwanon ba saƙo. Abin yana damuna fiye da yadda na zata. Mu biyu muka rage a ɗakinmu.

Duk da haka zan koyar. Ki taho lafiya.

Gwaggonki,
Haulatu


Gagarawa, 24 ga Afrilu

Khairiyyatu 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin isa lafiya, gajiya ta bi jiki ta fita. Mu nan zafi ya kai, ana ta sharar gona. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta.

Kwana ukun nan kina ta kai da kawo, ban samu zama da ke ba, ga kunnena. Akwai abubuwan da ba ki gani ba.

Yammacin farko, lokacin da kike ɗaura madubin a ƙafafunsa, Yaya Habibullah ya yi sallama a zaure. Na fita na same shi. Ya miƙo min gafakar mahaifinmu, takardun hisabin suna ciki. Ya ce, "A wajenki ya kamata su zauna tun farko. Ni nauyinsu kawai na ɗauka." Na karɓa da hannu biyu. Shi ya sa kika ji muryata tana rawa da na fara faɗar sunayen taurarin, ba tsoron yara ba ne. Juma'ar da ta wuce manoma biyu suka zo ƙofata da kansu, suka ce Malam Habibullah ne ya turo su. Ɗayan ya kasa haɗa ido da ɗalibata da ta kai masa amsa, amma ya karɓa.

Na biyu, Malam Abdulganiyu. Kin ga ya sa ido a madubin ya daɗe. Abin da ba ki ji ba, da ya ɗago ya yi tasbihi a hankali, sannan ya ce da ni, "Ashe watan ma ƙasa ce." Washegari ya dawo da ƙanwar Mansura ba wanda ya roƙe shi. Ya bar min Mansura har a koma makaranta, kuma ya ce in ta zaɓi ajin kimiyya ba zai hana ba.

Ni kuma na ga watan. Na ce miki na gani, na wuce, don ban so in yi kuka a gaban yara. Kaza kam har yanzu ba na ganin ta da idona. Zinariya 'yar maƙwabta ce ke tsayawa kusa da ni ta ce, "Gwaggo, ga ta can ta yi ƙasa, ta kusa ɓuya." Ni in ce mata kwana nawa suka rage. Ta fara rubutawa a littafi, da boko da ajami.

Ba ki ƙara min maganar barin karatu ba, ni ma ban tayar ba. Na ga yadda yaran ke kallon hannunki in kina juya madubin. Ki je tafiyar Yuni, ki dawo ki ba su labari.

Yanzu ga rigimar da ake yi a gidana. Yara shida ke zuwa kullum bayan magariba, na garin nan da Mansura. Sun iya saita madubin a kan Mushtari, babbar tauraruwar nan ta yamma. Ranar Lahadi suka ga 'yan ɗigo huɗu a jere a gefenta, suka zana. Ranar Litinin uku suka gani. Zinariya ta ce ƙura ce ta hau gilashin, ta goge, ba ta dawo ba. Wata ta ce tun farko uku ne, an yi kuskuren ƙirga. Mansura ta jera zanen kwana huɗu a tabarma, ta ce ɗigon ba a tsaye suke ba, zagaya babbar suke yi, ɗaya ta shiga bayanta ne, kuma za ta fito ta ɗaya gefen. Suka yi mata dariya. Suka zo wajena in raba gardama, na ce wannan ba ya cikin takardun Malam, ni ma ɗaliba ce a nan.

Sun matsa in tambaye ki, ga shi na tambaya. Amma ki ji nawa roƙon: kada ki aiko da amsa tukuna, ko ta wayar Ishaƙ. Sun yi shawara za su zana na sati guda su gani. Jiya tun kafin a kira salla Mansura ta share wurin, ta fere fensir biyu.

Gwaggonki,
Haulatu